Wa Ke Kafa Iyakar Guba? Rayuwar Farfesa Hansson da Darasin Duza

Duza ƙauye ne a yammacin Jihar Zamfara, irin ƙauyukan nan da ba kasafai sunansu kan fito a taswira ba. Amma tun daga shekarar 2010 sunansa ya shiga rahotannin likitoci da masana kimiyya na duniya, tare da Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Guru da Tungar Daji da Bagega, dukkansu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Dalilin wannan suna kuwa ba mai daɗin ji ba ne, domin gubar dalma ce ta halaka yara fiye da 400 a wannan yanki, ta kuma bar wasu dubbai da ita a cikin jininsu.

Likitoci sun gano abin da ya kashe yaran, injiniyoyi kuma sun nuna yadda za a tsabtace gidajen. Sai dai akwai tambayoyin da suka rage, waɗanda madubin likita ba ya iya amsawa. Guba nawa ce za a ce ta yi yawa? Wa ke da ikon yanke wannan hukunci? In wani ne ke cin riba, wani kuma ke shaƙar ƙura, ina adalci yake? Waɗannan tambayoyi ne na falsafa, kuma akwai wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Farfesa Sven Ove Hansson, wanda ya shafe shekaru da dama yana nazarinsu. Ba domin Zamfara ya yi rubuce-rubucensa ba, hasali ma ɗaya daga cikin manyan littattafansa ya riga annobar da shekara 12. Duk da haka, wanda ya san labarin Duza zai fi saurin fahimtar abin da malamin yake nufi, kuma wanda ya fahimci malamin zai kalli labarin Duza da sabon ido.

Yadda zinari ya zo da dalma

Tsakanin 2006 da 2010 farashin zinari a kasuwar duniya ya ninka, daga kimanin dala 600 zuwa fiye da dala 1,200 a kan kowane oza, wato kimanin giram 31. Manoman yankin Anka da Bukkuyum, waɗanda ke zaman jiran damina rabin shekara, sai suka duƙufa wajen haƙar duwatsu masu zinari. Akan ɗauko duwatsun a buhuna a kawo cikin gari, a farfasa da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a wanke garin da ruwa, sannan a zuba zaiba ta kama zinarin. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wasu daga cikin duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar da ke tashi ta bi tsakar gida da ɗakuna da hatsin da ake shanyawa, ta kuma manne a hannuwan yara masu rarrafe, waɗanda komai suka ɗauka sai baki.

Jikin ƙaramin yaro yakan tsotsi dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Dalma kuwa takan yi shigar burtu ta zauna a gurbin sinadarin kalshiyam, wanda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙasusuwa ke aiki da shi. In ta yi yawa sai amai da jijjiga da suma, har ta kai ga rasa rai. In kuma kaɗan ce, takan dakushe basirar yaro a hankali ba tare da wata alama da iyaye za su gani ba.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, waɗanda ke bin sawun cutar sanƙarau a yankin, suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta yi tare da hukumomin Nijeriya a ƙauyuka biyu ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu.

Daga ajin likitanci zuwa falsafa

An haifi Sven Ove Hansson a 1951 a Suwidin, ƙasar da ke can arewacin Turai, wadda ta shahara da haƙar tama da manyan masana'antu. Bai fara da falsafa ba. Karatun kimiyyar likitanci ya soma, ya sami digirin farko a 1972, daga nan ya kama aiki da wata ƙungiyar ƙwadago, daga baya kuma da jam'iyyar Soshal Dimokurat. Zamani ne da lafiyar ma'aikata ta zama babbar magana a ƙasar. A ƙarshen 1969 dubban mahaƙa tama a arewacin Suwidin sun shiga yajin aiki a kan yanayin aikinsu, kuma a 1977 majalisar ƙasar ta zartar da dokar kare lafiya a wuraren aiki. Saurayin da ya karanta yadda jikin ɗan Adam yake, ya kuma zauna da ma'aikatan da ke shaƙar sinadarai kullum, dole ya ci karo da tambayar nan: wa ya ce wannan adadin ƙura ba shi da lahani, kuma mene ne hujjarsa?

A 1982 ya zama shugaban farko na wata ƙungiya ta Suwidin mai yaɗa ilmin kimiyya ga jama'a da faɗakarwa a kan ƙarya mai sanye da rigar kimiyya, irin ta masu maganin da suke cewa yana warkar da kowace cuta. Sai da ya kai shekara 40, a 1991, sannan ya sami digirin dakta a falsafa daga Jami'ar Ufsala, wadda aka kafa tun 1477. Ya ci gaba da bincike a can daga 1993 zuwa 1999, shekarar da ya sami digirin dakta na biyu daga Jami'ar Lund, wannan karon a fannin falsafar ɗa'a da ayyukan ɗan Adam. A shekarar kuma aka ba shi babban editan mujallar falsafa mai suna Theoria. A 2000 ya zama farfesan falsafa a Kwalejin Fasaha ta KTH da ke birnin Sitokholm, makarantar da ke horar da injiniyoyi. Masu cewa sannu ba ta hana zuwa sun yi gaskiya, kuma shekarun da ya yi a wajen jami'a ba su tafi a banza ba, domin su ne suka ba shi tambayoyin da ya riƙa bi.

Yadda ake sauya ra'ayi

Binciken da ya fara fito da sunansa a cikin masana yana ƙarƙashin manɗiƙi, wato ilmin auna hujja, wanda almajiran zaure ma suka san shi. Matsalar ita ce: in mutum yana riƙe da wasu abubuwa da ya gaskata, sai sabon labari tabbatacce ya zo ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, wanne zai saki, wanne zai riƙe? A 1985 wasu masana uku, Alchourrón da Gärdenfors da Makinson, suka tsara wannan matsala da lissafi. Hansson ya faɗaɗa aikin, inda ya bambanta abin da mutum ya gaskata don ya gani ko ya ji daga tushe, da abin da ya gaskata don kawai ya biyo bayan wani. In tushe ya faɗi, abin da aka ɗora a kansa ma sai ya faɗi. Littafinsa na koyarwa a kan wannan fanni ya fito a 1999, kuma masu tsara kwamfuta suna amfani da irin wannan lissafi wajen sabunta bayanan da aka adana.

Abin da ya faru a Zamfara misali ne a fili. Yaro mai jijjiga a ƙauyen arewa, tunanin farko shi ne zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, kuma tunani ne mai hujja. Amma an ba da maganin zazzaɓi yara ba su warke ba. Kafin nan ma an lura agwagi suna ta mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya danganta wannan da wancan. Da ma'aikatan lafiya sun kafe a kan ra'ayinsu na farko, da makabartu sun ci gaba da cika. Sai suka saki tushen da ya ƙi aiki, suka aika da jinin yaran aka auna a ƙasar waje, sannan gaskiya ta bayyana. Sauya ra'ayi saboda hujja ba abin kunya ba ne, shi ne ma ƙashin bayan kimiyya.

Iyakar da ke ta sauka

A 1998 Hansson ya wallafa littafi mai suna Setting the Limit, ma'ana kafa iyaka, wanda ya bi diddigin yadda kwamitocin masana a Amurka da Jamus da Suwidin suke yanke adadin sinadarin da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa. Ya nuna cewa lambar da ake bugawa a takarda ba daga ɗakin gwaji kaɗai take fitowa ba. Kimiyya takan faɗi abin da aka gani ya faru a wani adadi, amma ko za a bar tazara mai faɗi ko ƙunci tsakanin wannan adadi da iyakar doka, wannan zaɓi ne na mutane, kuma kuɗi da siyasa sukan sa hannu a ciki.

Tarihin dalma ya gaskata wannan. Ana auna ta da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jini. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba su ɗaga hankali sai awon yaro ya kai 60. A 1985 cibiyar CDC ta mai da lambar 25, a 1991 ta koma 10, a 2012 ta koma 5, a 2021 kuma 3.5. Dalmar ba ta sauya ba, jikin yaro ma bai sauya ba. Abin da ya ƙaru shi ne iya gano ɓarnar da a da ba a gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da lahani. A ƙauyuka biyun da aka bincika a Zamfara kuwa, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce, matakin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. Na'urar hannu da aka zo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya fi ƙarfinta. Ƙasar wasu wuraren ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ke aiki da ita a lokacin don filin wasan yara 400 ce, wato ninki 250 ke nan.

Hansson ya yi wani gargaɗi da ya kamata kowane ɗalibin kimiyya ya riƙe: rashin ganin lahani ba hujja ba ce ta cewa babu lahani. A ƙaddara wata cuta takan kama mutum 100 cikin kowane 1,000, sai wani sinadari ya ɗaga ta zuwa 105. Wannan ƙari ya yi ƙanƙantar da binciken ƙididdiga da wuya ya rarrabe shi da hawa da saukar da aka saba gani. Amma a cikin mutum miliyan ɗaya, ƙarin mutum 5,000 ke nan. Mutuwar yara a Dareta kowa ya gan ta. Yaron da ya tsira amma basirarsa ta ragu, ya riƙa shan bulala a aji don ya kasa riƙe karatu, shi ba ya cikin kowace ƙididdiga. Irin wannan ɓoyayyar ɓarna ita ce kuma ke tattare da tozalin da ake yi da dutse mai dalma a shafa wa jarirai, da tsohon batirin mota da ake fasawa a bayan gida.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

An saba auna kasada da lissafi guda: a tara amfani, a tara hasara, in amfani ya rinjaya sai a ce a ci gaba. Hansson ya ce wannan lissafi yana ɓoye abu mafi muhimmanci, domin bai nuna aljihun wa amfanin ya shiga ba, bai kuma nuna jikin wa hasarar ta sauka ba. A wata maƙala ta 2007, shi da abokiyar aikinsa Hélène Hermansson suka ba da shawarar a riƙa neman mutum uku a cikin kowace kasada: wanda haɗarin zai faɗa wa, wanda zai ci moriya, da wanda ke yanke shawara. In duk ukun mutum ɗaya ne, kamar baligin da ya hau bishiyar kuka don ya tsinko wa kansa ganye, to da sauƙi. In kuwa suka rabu, nan ne ake neman adalci.

A gwada wannan ma'auni a Duza. Mai yanke shawarar kawo duwatsu gida shi ne maigida, amma ya yanke ta ne cikin rashin sani, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu, kuma talauci na bayansa yana tura shi. Moriya ta rabu gida-gida: kaɗan ga mahaƙi da iyalinsa, mai tsoka ga dillalai da masu saye a birane da ƙasashen waje, waɗanda ƙura ko ɗaya ba ta taɓa su ba. Haɗari mafi muni kuwa ya sauka a kan jariri mai rarrafe, wanda ba a tambaye shi ba, ba zai kuma iya cewa a'a ba.

A littafinsa The Ethics of Risk, wato ɗa'ar kasada, wanda ya fito a 2013, Hansson ya kafa ƙa'ida cewa kowane mutum yana da haƙƙin kada wani ya jefa shi cikin haɗari. Amma da za a bi wannan ba togiya, ko keke ba wanda zai hau, domin mai keke yana iya buge mai tafiya a ƙasa. Saboda haka ya ce haƙƙin yana iya sassautawa in kasadar tana cikin tsarin ba-ni-in-ba-ka na adalci wanda shi ma mutumin yake amfana da shi, kamar yadda kowa ke haƙuri da motar wani domin shi ma wata rana zai shiga mota.

Mai karatu yana iya cewa ai kuɗin zinarin ne ke saya wa yaron abinci da magani, don haka shi ma ya amfana. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta sa hana haƙa da baki kawai bai cika yin tasiri a inda babu wata sana'a ba. Sai dai ma'aunin yana da tambaya ta biyu: za a iya samun wannan amfani ba tare da wannan haɗari ba? A nan amsar ita ce e. Zinarin da aka niƙa a wajen gari kuɗinsa ɗaya da wanda aka niƙa a tsakar gida. Ke nan ƙurar da yaro ya haɗiya ba ta ƙara wa gidan ko kwabo ba.

Da na sani ƙeya ce

Wata dabara da Hansson ya koyar ita ce mutum ya yi da-na-saninsa tun kafin ya aikata. Wato ya ɗauki kowace hanya da abin zai iya ɓullewa, mai kyau da mummuna, ya ƙaddara kansa yana waiwaye daga can, ya tambayi kansa ko zai iya kare shawarar da ya yanke bisa abin da ya sani a lokacin. Shawarar da za ta tsaya ko yaya aka ƙare, ita ce ta kirki.

Wannan ya shafi hukumomi kamar yadda ya shafi magidanta, domin jinkiri ma shawara ce. Maganin fitar da dalma ba ya amfani in yaro zai koma gidan da ke cike da ita, saboda haka sai an tsabtace ƙauye kafin a fara magani. A tsakiyar 2010 aka tsabtace Dareta da 'Yargalma, daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Duza da sauran ƙauyuka huɗu. Aikin shi ne a kankare saman ƙasa, a kai ta rami na musamman a binne, a zubo sabuwa mai tsabta. Ma'aikatar jihar ta yi shi da mutanen ƙauyukan, da taimakon kamfanin injiniyoyi na TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith. Amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin kuɗin Gwamnatin Tarayya su fito, yara kuwa suna ta rarrafe a kan guba duk tsawon lokacin. A 2015 kuma irin wannan annoba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara fiye da 20.

Da yake ya koyar a makarantar injiniyoyi, Hansson ya yi rubutu a kan ƙa'idojin kariya, inda ya fifita kawar da tushen haɗari a kan ƙoƙarin lallaɓa shi, sannan a kafa shinge fiye da ɗaya, don in wannan ya karye wancan ya tare. A ƙauyen masu haƙa, shinge na farko shi ne kada dutse ya shigo gari, abin da sarakuna da hakimai suka taimaka wajen tabbatarwa. Na biyu, a jiƙa dutse da ruwa yayin niƙa don ƙura ta kwanta. Na uku, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya koma gida ya ɗauki ɗansa. Na huɗu, kada a niƙa hatsi a injin da ya taɓa niƙa dutse. Na biyar, a wanke hannun yara kafin cin abinci.

Aiki ga aji

Malamin kimiyya a Gummi ko Anka ko Bukkuyum ba ya bukatar ɗakin gwaji kafin ya koyar da wannan darasi. Ya raba allo gida uku, ya rubuta mai shan wahala, mai cin moriya, mai yanke shawara. Sannan ɗalibai su kawo misalai daga garinsu: maganin feshi da ake ajiyewa kusa da buhun gero, man fetur a jarka cikin ɗakin kwana, ɗan acaɓa da ya goya yara huɗu, janareta a bakin taga. A kowane misali su cika gidajen uku, su nemo wanda ba a tambaya ba, su kuma faɗi ko akwai hanyar samun amfanin ba tare da haɗarin ba. Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi tun yana sakandare, ko likita ya zama, ko injiniya, ko hakimi, ko mahaƙin zinari, zai san cewa duk lambar da aka ce ita ce iyaka, wani ne ya kafa ta, kuma yana da haƙƙin ya nemi hujja.